Yaran Gareji, Ku Nemo Ƙarar Kafin Ku Kwance Noti

Idan mai a-kori-kura ya shigo ya ce ƙasan motarsa na kwaramniya, kada hannunku ya riga kunnenku. Sau da yawa yaro kan aika Ƙofar Ruwa a sayo shokozoba sabuwa fil, a ɗaura, mota ta fita, ƙarar na nan daram. Kuɗin bawan Allah sun tafi, mutuncin gareji ya bi su.

Ku fara da tambayar mai mota. A gargada take yi ko a kwalta? In an taka birki, ko in an karya kwana? Da kaya ko ba kaya? Sai ku shiga ku zaga tare da shi, a kashe rediyo, a sauke gilashi. In kun dawo, ku duba abin da bai cin ko sisi: safayar tayar da ke rataye a ƙarƙashin bodi, ƙofar baya, robar da ke riƙe salansa. Ƙara da yawa a nan take ƙarewa.

In ba nan ba ne, ku ɗaga gaba. Ina roƙonku don Allah, kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Ku tokare ta, ku sa waigi a tayoyin baya.

Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji tana lilo, boljoyin ne ko boris. Sa ɗan'uwanka ya taka birki ka sake gwadawa: in lilon ya ɓace, boris ne, in yana nan, koma kan boljoyin. Kama ta hagu da dama kuma. Wasan da ka ji a nan galibi na tayarod ne. Zura ƙarfen taya ka ɗan banƙara kowane bushin, kana kallo da tocila. Robar da ta tsattsage ba ta ɓuya, kuma inda ka ga jar ƙurar tsatsa kewaye da noti, ƙarfe na cin ƙarfe a wurin. Ɗan sandar stabilaiza ma, duk da ƙanƙantarsa da arharsa, yana da surutu a kan ƙananan ramuka.

Bayan Hilux kan sifirin mai falle-falle yake zaune, kuma shi ke shan wahalar buhunan masarar Dawanau. Ku bi fallen ɗaya bayan ɗaya ko wani ya karye, ku taɓa yubol da bushin ɗin ƙarshensa. Fallen da ya karye a sauya shi, kada a kai wa mai walda, domin wuta na kashe ƙarfin ƙarfen. Shokozobar da ke zubar da mai ta gama aiki, kuma hagu da dama ake sauyawa tare. Notin bushin ɗin roba kuwa, sai an sauke mota ta zauna a kan tayoyinta ake ɗaure shi tamau, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri.

Boljoyin ne ba na son ku yi wa sassauci. Idan ya fice ana cikin gudu, taya kan kwanta, kuma kun san ranar kasuwa mutane ne zaune a kan buhunan nan. Ko mai mota ya ce a lallaɓa zuwa mako mai zuwa, ku kama hannunsa ku ɗora a kan tayar ya ji da kansa, ku gaya masa cikin ladabi cewa yau ya kamata a sauya.