KYANWAR KOWA BA TA TSARON RUMBUN KOWA

Jama'a, ga kaka ta yi, dawa da gero sun shiga rumbu, 'yan kasuwa kuma suna ta cika sito da gyaɗa da wake. Duk ƙauyen da na sauka rangadi a wannan lokaci, in na ɗauko maganar ɓera, amsa ɗaya a kan ba ni: ai akwai kyanwoyi a gari. Gaskiya ne akwai su. Je ka bayan mahauta, ko rumfar masu kifi, ko jujin bakin kasuwa da almuru, ka ƙirga. Amma in ka tambayi ta wane ce wannan, ba mai amsa maka. To, a kan waɗannan kyanwoyi da ba su da mai su za mu yi darasin wannan mako, don mu ga ko aiki su ke yi mana ko ɓarna, da kuma irin dokar da ta kamata gari ya sa a kansu.

IRI UKU NE

Da fari sai mu rarrabe su. Akwai kyanwar gida, wadda ta san mai ita, ta san inda a ke ajiye mata abinci. Akwai ɓatacciya, watau wadda dā tana da gida, sa'an nan aka kore ta, ko masu ita suka tashi suka bar ta. Ita wannan ta kan matso kusa da mutane tana kuka, in an lallashe ta kuma ta kan koma ta gida. Ta uku ita ce wadda aka haifa a kango ko a juji, hannun mutum bai taɓa taɓa ta ba. Ba ta yarda a kusance ta, da dare ta ke fita, in an ritsa ta kuwa sai cizo da yakushi. In ta wuce wata biyu zuwa uku ba ta saba da mutum ba, da wuya ta sabu daga baya. Yawancin muzuran da ke ɗauke muku 'yan tsaki daga wannan kashi su ke.

YADDA SU KE YAƊUWA

Kyanwa ta kan iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6. Cikinta kwana 63 ne zuwa 65, ta kan haihu sau biyu ko uku a shekara, 'ya'ya uku zuwa biyar kowace haihuwa. Malaman ofis, ku ɗauki alƙalami mu yi lissafi. A ce mace ɗaya ta haihu sau biyu, huɗu huɗu, takwas ke nan. A ce rabinsu mata ne. Shekara mai zuwa mata biyar ke nan za su haihu, kowace takwas, arba'in. Watau in ba wadda ta mutu, kyanwa ɗaya ta zama 49 cikin shekara biyu. Lalle da yawa daga cikin ƙananan yunwa da cuta su kan kashe su, amma waɗanda suka tsira sun isa su cika unguwa.

Kada ku ce lissafin takarda ne kawai. Akwai wani tsibiri can cikin teku, sunansa Mariyon, mil dubu da wani abu daga gaɓar Afirka ta Kudu. A 1949 ɓeraye suka dami ma'aikatan duban yanayi da ke zaune a wurin, sai aka kai musu kyanwoyi biyar. Kafin 1977 biyar ɗin nan sun zama wajen 3,400. Suka bazu ko'ina cikin tsibirin, suka tarar kama tsuntsayen teku masu sheƙa a ƙasa ya fi sauƙi, har aka ƙiyasta suna cinye tsuntsu wajen 450,000 a shekara. Aka shiga yaƙi da su, da cuta da bindiga da tarko, ba a ga bayansu ba sai a 1991. Ɓerayen da aka kai su dominsu kuwa suna nan har yau. Kun ga dai, yawan kyanwa ba shi ne ƙarancin ɓera ba.

Dalili kuwa shi ne, kyanwa abin da ya fi sauƙi ta ke nema. Ƙananan ɓeraye ta kan kama su, amma ƙaton ɓera ko gafiya ta kan ja da baya. A 2018 waɗansu masu bincike a birnin New York na Amurka suka ba da labarin wani wurin tara shara mai ɓeraye fiye da ɗari, wanda kyanwoyi ke shiga. Suka sa na'urar ɗaukar hoto har kwana 79, ɓera biyu tak suka ga an kashe.

ƁARNAR DA MANOMI KE ƊAUKA

Ta farko kowa ya san ta: 'yan tsaki, da 'yan zabi, da tattabarai. Mai kiwon kaji dā ma ana muzuru ana shaho ya ke kwana.

Ta biyu ita ce ba kowa ya sani ba. Akwai wata ƙwayar cuta, likitoci na ce da ita tokzofilazma, wadda ke fita cikin kashin kyanwa. In kyanwa ta yi kashi cikin dusa ko harawa, tunkiya ko akuya mai ciki ta ci, ta kan yi ɓari, ko ta haifi ɗa marar ƙarfi ya mutu. Mace mai juna biyu ma tana iya kamuwa, abin ya taɓa jaririn. Ga abin lura: kyanwa ta fi zubar da ƙwayar nan sa'ad da ta fara kamuwa, mako ɗaya zuwa uku, galibi kuwa tana ƙarama ta ke kamuwa. Saboda haka gidan da kullum a ke haihuwar sabbin 'yan kyanwa kusa da abincin dabbobi ya fi shiga haɗari bisa gidan da ke da babbar kyanwa guda wadda ba ta haihuwa.

Ta uku ita ce ciwon haukan kare. Sunan kare ya ɗauka, amma kyanwa ma tana kamuwa, tana kuma sa wa mutum. Duk wanda baƙuwar kyanwa ta ciza ko ta yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti ran nan. Kada a jira a ga alama, gama in alama ta bayyana magani ya ƙare.

DOKOKIN WAƊANSU ƘASASHE

A Italiya an kafa doka mai lamba 281 a 1991. Ta hana cutar da kyanwoyin da ke zaman kansu a titi, ta ɗora wa likitocin dabbobi na hukuma su kama su, su yi musu aikin hana haihuwa, su mai da su inda aka kamo su. Ba a kashe ko ɗaya sai mai tsananin ciwo ko wadda ba ta warkewa. A wurare da yawa da a ke bin wannan hanya a kan ɗan datse bakin kunne ɗaya, don a gane wadda aka yi wa aiki, kada a sake kama ta.

A Ingila kuwa ta wajen masu kyanwa aka ɓullo wa abin. Ranar da dokar ta soma aiki ita ce 10 ga Yuni 2024: tilas kowane mai kyanwa ya sa a dasa mata 'yar alama kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata kafin ta cika mako 20. Alamar na ɗauke da lambar da za a gane mai ita. Wanda aka yi wa gargaɗi bai yi ba cikin kwana 21, ana iya cinsa tarar da ta kai fam 500.

Dokokin nan biyu abu ɗaya su ke nufi: kowace kyanwa a san wanda ke da alhakinta, haihuwa kuma a taƙaita ta.

GUBA BA MAGANI BA CE

Na taɓa sauka wani gari inda wani mai sito ya gaji da muzurai, ya barbaɗa shinkafar ɓera a kan kifi ya ajiye. Da safe aka tsinci kyanwoyi, har da ta maƙwabcinsa wadda ke tsaron rumbu, da kaji, da ungulu. Aka yi ta shari'a gaban mai gari. Da na komo bayan 'yan watanni, ga waɗansu muzuran a bayan siton nan. Muddin juji na nan, da tarkacen mahauta, in ka kashe goma waɗansu goma za su zo daga unguwar gaba su maye gurbinsu. Ku tuna kuma kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya mutuwa.

ABIN DA ZA MU YI

Ba sai mun jira doka daga nesa ba. Mai unguwa da sarkin kasuwa da sarkin pawa, tare da duba-gari da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, sun isa su zauna su yanke waɗannan:

1. Tarkacen mahauta da na masu kifi a binne ko a ƙone kowace yamma.

2. Kada kowa ya sa 'yan kyanwa a buhu ya zubar a kasuwa ko bakin hanya. Wanda ya rasa yadda zai yi da su ya gaya wa mai unguwa, a nemi manoman da ke so tun suna ƙanana.

3. Ba a ajiye guba a fili. Mai son sa maganin ɓera ya sa a cikin abin da ke rufe, ya sanar da maƙwabta.

4. Ranar da a ke yi wa karnuka allurar rigakafi, a kawo kyanwoyi su ma, daga mai wata uku zuwa sama.

A cikin gida kuwa, kyanwa ɗaya ko biyu sun ishi rumbu. A kai su wurin likitan dabbobi ya yi wa namiji fiɗiya, mace ya cire mata mahaifa. Aikin likita ne, sai an sa su barci, kada a gwada a gida yadda a ke yi wa bunsuru. Muzurun da aka fiɗiye ya kan rage yawo da faɗa, ya zauna gida.

A riƙa ba ta abinci da ruwa kullum, kusa da rumbu. Waɗansu na cewa in ta ƙoshi za ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Ba haka ba ne. Farauta halinta ce, ko da cikinta cike, wadda aka bari da yunwa kuwa ita ce ke komawa kan 'yan tsaki, ko ta bar gidan. A rufe dusa da harawa, a zuba mata yashi a wata kusurwa, a kwashe kowace rana, amma ba mai juna biyu za ta kwashe ba.

Daga ƙarshe, kada a bar wa kyanwa dukan aikin. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A ɗaga rumbu bisa duwatsu, a liƙe tsaga, a share ciyawar da ke kewaye, buhunan sito a jera su bisa katako nesa da bango. Wanda ya yi haka, ya kuma riƙe kyanwa guda hannu bibbiyu, ya fi mai dogara ga muzurai talatin na bakin kasuwa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan gyaran rumbu.