Amsar Tambaya: Furanni zuwa Buza

Tambaya: Gwaggo, ina aiki a Yamai, matata kuma ta haihu a Buza. Na ga masu tallar damin furanni a Facebook. In saya in aika mata?
Daga wani mai karatu, Yamai

Amsa: Ɗana, barka da arziki, Allah ya raya. Niyyarka ta yi kyau, amma furen da aka yanke ba ya jure tafiya. Daga Yamai zuwa Madawa ta Dosso da Birnin Ƙonni wuni guda ne a mota, sannan a ratse zuwa Buza. A zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, zai isa a yamushe.

In ka nace, ka nemi mai sayarwa ya nuna maka furen ta bidiyon WhatsApp, ku tsayar da ranar isarwa, kuma kada ka biya duka sai kaya sun shiga hannu.

Shawarata ita ce ka tura kuɗi ta Nita ko Al Izza ga wata 'yar'uwarka da ke Buza, ta haɗa wa maijego atamfa, turaren wuta da sabuwar tabarmar kaba irin ta Madawa. Ka ƙara da dashen mangwaro ko zogale, a dasa a tsakar gida ranar suna. Mutanen Adar, yankin da Buza take, sun san darajar itace: aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, da aka fara a 1984, ya dasa miliyoyin itatuwa a kan fako. Jaririnku zai girma tare da nasa icen, ya sha inuwarsa.