DARASI: KADA KA SA KWIKWIYO TSALLE KAFIN ƘASHINSA YA YI ƘWARI

Darasin yau a kan mai gadin gona ne, wato kare, kuma da kuskurena zan fara.

Bayan an kwashe min tarwaɗa sau biyu cikin dare, sai na sayo kwikwiyo jinsin German Shepherd, wanda muke ce wa karen 'yan sanda, na sa masa suna Duna. A lokacin ina yawan kallon bidiyon karnukan Turawa suna tsallake shinge, suna ratsa bututu da gudu. Wasa ne da aka fara nunawa a Ingila a 1978, wajen baje kolin karnuka na Crufts. Na ce ai ni ma nawa sai ya iya.

Yana wata 5 na ɗora bulo uku yana tsallakewa kullum, har ina sa shi dirowa daga bakin kwamin kifi mai tsayin ƙuguna. Ba a yi wata guda ba ya fara ɗingishi da ƙafar gaba. Na ɗauka ƙaya ce. Da na kai shi wajen likitan dabbobi, ya duba ya ce: "Malam, ai kai ka ji masa ciwo."

ME YA FARU?

A ƙarshen dogayen ƙasusuwan kwikwiyo akwai guringuntsi mai laushi, daga nan ƙashi ke ƙara tsawo. Wurin nan ya fi ko'ina rauni. Idan kare ya yi ta dira a kansa yakan tsage, ko ya rufe kafin lokaci, sai ƙafa ta karkace ko ta gajarce. Ƙananan jinsi da matsakaita yana rufe musu wajen shekara 1, manya kuwa yakan kai wata 18. Shi ya sa a can Ingila ba a barin kare ya shiga gasar sai ya cika wata 18. Wanda na gani a bidiyo babban kare ne, ni kuma na kwaikwaya da jariri.

YADDA YA KAMATA A BI

1. Wata 2 zuwa 4: rigakafi tukuna. Ana fara allura daga sati 6 zuwa 8, a maimaita har sati 16, ta haukan kare kuma a wata 3. Kafin a kammala kada ya cakuɗu da karnukan waje saboda cutar parvo. A gida ka koya masa sunansa, da "zo", "zauna", "tsaya". Karen da ba ya jin "tsaya" bai isa hawa komai ba.

2. Wata 4 zuwa 8: komai a ƙasa. Ka kwantar da sanduna ya riƙa tsallake su da tafiya. Ka shimfiɗa faffaɗan katako ya bi ta kai. Ka jera tsofaffin tayoyi a kwance. Ka samu durom ɗin roba, ka yanke gindinsa, ka goge kaifin, ka tokare shi kada ya mirgina, ya riƙa wucewa ta ciki. Wannan ne ke koya masa sanin inda yake sa ƙafafunsa na baya.

3. Wata 8 zuwa shekara: ƙaramin tsalle da bai wuce inci 4 zuwa 6 ba. Sandar ta zama wadda za ta faɗi da zarar ya taɓa ta. Ban da bulo, ban da waya, ban da kwano.

4. Bayan shekara, ko wata 18 ga manya: likita ya duba shi, sannan ka riƙa ƙara tsayi kaɗan-kaɗan. Gudun zagaye sanduna da ke murɗa gadon baya shi ma sai a wannan matakin.

A KIYAYE

* Wuri: yashi ko ciyawa. Siminti da jiƙaƙƙen bakin kwami suna da santsi.
* Lokaci: minti 5 ya isa, da sassafe ko da yamma. Kare da haki yake fitar da zafi, rana na saurin galabaitar da shi. Ka dafa ƙasa da bayan hannunka, in ta ƙona ka to za ta ƙona tafinsa.
* Ban da atisaye da cikakken ciki, a bar shi ya yi kamar awa 2 bayan cin abinci.
* Ka fara da ɗan yawo jikinsa ya saki, ka cire sarƙa kada ta maƙale.
* Lada, ba duka ba. Ni fasassun ƙwai nake dafawa in gutsuttsura. Kada ka kuskura ka ba shi mushen kaza.
* Ka ga ɗingishi, ko yana ƙin abin da ya saba yi, ko yana lasar gaɓa ɗaya? Tsaya nan, a nemi likita. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin ibuprofen, guba ne gare shi.

Duna ya yi makonni a killace ba gudu ba wasa, kuɗin jinyarsa ya fi kuɗin sayensa, kuma a tsakanin aka sake shigo min gona. Ya warke, amma ƙafar ta ɗan karkace, har yau in ya yi dogon gudu sai ya rage ta. Ƙanwarsa da na karɓo daga baya na bi ta a hankali yadda na lissafa, yanzu ita ce ke zagaye gonar da dare. Sauri dai kan haifi nawa.

Wanda ke da kwikwiyo ya faɗa min watanninsa da jinsinsa, sai mu duba matakin da ya dace da shi.