Faɗaɗar Ma'anar Kalmar Aro: Nazarin Kalmar "Layi" a Hausar Gwarzo da Kabo

Gabatarwa

Kalmar "layi" Hausa ta aro ta ne daga "line" ta Ingilishi, wadda tushen ma'anarta shi ne miƙaƙƙen zane. Wannan maƙala ta duba yadda mazauna ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, a yammacin Jihar Kano, ke sarrafa kalmar, da abin da hakan ke nufi ga masu tsara ƙamus.

Ma'anonin da Suka Biyo Tushe

Tun isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ake cewa "layin dogo". Ɗalibi yakan ja layi a littafinsa. Daga nan ma'anar ta koma kan jerin mutane ko abubuwa: bin layi a asibiti, layin mai, da layin 'yan hatsi a kasuwar Getso ko ta Garo. Haka kuma, a sababbin unguwanni hanyar da ta ratsa tsakanin jerin gidaje ita ce layi, saɓanin lungu na tsohon gari.

Bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, kalmar ta sami sabon gurbi. Wanda ya ce "na sayi layi" katin SIM yake nufi, alhali babu wani zane ko igiya da ido ke gani.

Ma'anonin Hikima

A nan ne Bahaushe ya nuna gwanintarsa. "Ya saki layi" na nufin mutum ya kauce wa batun da ake yi, ko ya faɗi abin da bai dace ba. "Ya dawo kan layi" kuwa na nufin ya shiryu. Layi ya zama ma'aunin daidaito ke nan.

Matsalar Layin Tangaɗi

Akwai kuma "yana layi", wato tangaɗin mai maye ko mai jiri. Wannan ma'ana ta saɓa wa miƙewa gaba ɗaya. Sannan layin gidaje da na waya suna da jam'i, wato "layuka", amma layin tangaɗi ba shi da shi, domin sunan aiki ne.

Kammalawa

Bisa waɗannan hujjoji biyu, maƙalar tana ganin ya dace ƙamus ya ba layin tangaɗi gurbinsa daban, ya tattara sauran ma'anonin a ƙarƙashin kalma guda. Cakuɗa su zai sa ɗalibi ya ɗauka kamannin furuci shi ne haɗuwar asali.