Zanen Bango a Paris: Wa Ake Ɗora wa Laifi?

Matashin da ya baro Baoudetta ko Tasawa ya sauka Faransa zai iya wuce zanen bango bai ko waiwaya ba. A Paris kuwa, wani zanen yakan tayar da ƙura har majalisa.

A ƙarshen Oktoba 2023, ana cikin yaƙin Gaza, aka wayi gari da shuɗɗan taurari masu tsini shida, alamar Yahudawa, a jikin gidaje. Kafin 'yan sanda su ce uffan, masu sharhi sun riga sun nuna unguwannin baƙi da yatsa. Ashe 'yan Moldova ne suka zana, gwamnati kuma ta zargi wata kafar farfagandar Rasha da yaɗa hotunan. A Mayu 2024 aka zana jajayen tafukan hannu a bangon Mémorial de la Shoah, wurin tunawa da kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. 'Yan Bulgeriya ne, kotu ta ɗaure su a 2025.

Sai dai kada baƙo ya ɗauka kullum ƙazafi ne. Mohammed Merah ya kashe yara uku da malami a makarantar Yahudawa a Toulouse a 2012. Amedy Coulibaly ya kashe mutum huɗu a kantin Yahudawa na Hyper Cacher a Janairu 2015, ranar da Lassana Bathily, Musulmi ɗan Mali da ke aiki a kantin, ya ɓoye masu sayayya a ɗakin sanyi, aka saka masa da takardar zama ɗan ƙasa. Hare-hare da barazana ga Yahudawa sun tashi daga 436 a 2022 zuwa 1,676 a 2023. Tsoronsu na gaske ne.

'Yan siyasa kuwa kowa na jan ruwa zuwa gonarsa. Jam'iyyar Marine Le Pen na cewa shigowar baƙi da tsattsauran ra'ayin addini ne tushen matsalar. Abokan hamayyarta na tuna mata cewa mahaifinta kotu ta hukunta shi kan raina kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi. Jean-Luc Mélenchon, jagoran masu ra'ayin hagu, ana zarginsa da rura wutar ƙyamar Yahudawa, shi kuma yana musantawa. A macin adawa da ƙyamar Yahudawa na 12 ga Nuwamba 2023, wanda ya tara fiye da mutum 100,000 a Paris, Le Pen ta fito, Mélenchon ya ƙaurace.

Abin da ya shafi baƙo kai tsaye shi ne doka. Sukar gwamnatin Isra'ila halal ne. Zagin Yahudawa don Yahudancinsu laifi ne, haka ma musanta kisan kiyashin, tun dokar Gayssot ta 1990. Tunzura ƙiyayya a bainar jama'a, har da Facebook, na iya jawo ɗaurin shekara guda da tarar yuro 45,000. Barkwancin da ake sakewa da shi a majalisar shayi a Mayahi, a nan yana iya bin mutum har teburin da ake sabunta takardar zama.