Dalilin da Ya Sa Rage Ƙiba Ya Fi Tara Ta Wuya

A ƙasar nan an daɗe ana ɗaukar ƙiba alamar wadata da kwanciyar hankali. Amarya in ta yi jiki sai a ce mijinta ya iya kiwo, attajiri kuwa in ya ajiye tumbi sai a ce arziki ya zauna. Likitoci suna duban abin ta wata fuska dabam, domin ƙiba mai yawa tana daga cikin manyan abubuwan da ke jawo hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwa. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa a cikin mata masu shekara 15 zuwa 49, kashi 28 cikin ɗari nauyinsu ya wuce kima. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙiba mai yawa.

Ga yadda ma'aikatan lafiya ke aunawa. Ana ninka tsawon mutum da kansa, a ma'aunin mita, sa'an nan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. In amsar ta kai 25 nauyi ya wuce kima, in ta kai 30 ƙiba ta yi yawa. Mai tsawon mita 1.7 yana shiga sahun farko da kamar kilo 72, yana shiga na biyu da kilo 87.

Mutane da yawa da aka ba su shawarar rage nauyi sun gwada, sun rage kilo biyar ko goma, kafin shekara ta kewayo abin ya dawo, wani lokaci har da ƙari. Akan zarge su da kwaɗayi ko lalaci. Wannan zargi bai dace ba, domin akwai dalilai a cikin ginin jikin ɗan Adam da suka sa tara ƙiba ke da sauƙi, rage ta kuma ke da wuya.

Lissafin shiga da fita

Ƙarfin da abinci ke bai wa jiki ana auna shi da ma'aunin da ake kira kalori. Giram ɗaya na tsabar hatsi ko sukari ko tsokar nama yana ba da abin da bai wuce kalori 4 ba, giram ɗaya na mai kuwa yana ba da 9. Abin da jiki bai ƙone ba sai ya mai da shi kitse ya ajiye, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700.

Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori wajen 120. Wanda ya ƙara wannan cokali a miyarsa kullum ba zai ji cikinsa ya ƙara cika ba, amma a lissafi cikin wata biyu da 'yan kwanaki ya ci abin da ya kai kilo ɗaya na kitse. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Kwalbar lemo mai zaƙi ta santilita 35 tana da kalori wajen 150, ana shanye ta cikin minti biyu, amma mai nauyin kilo 70 sai ya yi tafiyar kusan kilomita uku kafin ya ƙone ta. In kuwa kilo guda na kitse yake so ya ƙone da tafiyar ƙasa kaɗai, to, sai ya taka wajen kilomita 140, watau kusan daga Kano zuwa Zariya, ko fiye da nisan Legas zuwa Ibadan.

Masu kiwon ragon layya sun san wannan tun ba yau ba. Suna ɗaure shi a turke, su hana shi yawo, su yi ta ba shi dusa da harawa. Ma'aikacin da ke fita gida a mota, ya yini a kujerar ofis, ya dawo ya tarar da shinkafa da miya tana ninkaya a mai, ba shi da bambanci sosai da wannan rago, ko da yake ba wanda ya ɗaure shi.

Jiki yana tsaron rumbunsa

Da a ce lissafi ne kaɗai, da wanda ya rage cokali ɗaya kullum ya yi ta ramewa ba tsayawa. Ba haka abin yake ba. Kitse rumbu ne, kamar tozon sa ko na raƙumi, kuma shi ya riƙa ceton mutane a shekarun fari da yunwa, irin wadda aka yi a ƙasashen Sahel a 1973 da 1974. Jiki bai san bambanci tsakanin fari da shawarar likita ba. Da ya ga abin da ke rumbu yana raguwa, sai ya tashi tsaye ta hanya biyu: ya rage abin da yake ƙonewa, ya kuma ƙara yunwa.

Mafi yawan ƙarfin da mutum ke ƙonewa a yini, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, yana tafiya ne a aikin da ba a gani, kamar bugun zuciya, da numfashi, da aikin hanta da ƙwaƙwalwa, da ɗumama jiki. A shekarun 1944 da 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji a Jami'ar Minnesota ta Amurka da samari 36 waɗanda suka ba da kansu. Aka rage musu abinci zuwa kamar rabi har mako 24. Suka zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, abin da jikinsu ke ƙonewa a zaune ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Suka zama masu jin sanyi, da kasala, da saurin fushi, ba su da zance sai na abinci, har wasu suka shiga tara littattafan girki. Da aka sake su suka ci son ransu, kitsen da suka mayar ya fi wanda suke da shi tun farko.

Ba sai an kai ga irin wannan horo ba. A 1995 likitoci uku na Jami'ar Rockefeller a birnin New York, Leibel da Rosenbaum da Hirsch, sun nuna cewa wanda ya rage kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa yana ƙone kalori wajen 300 zuwa 400 ƙasa da abin da ya kamata mai girmansa ya ƙone a yini. Ma'anar wannan ita ce, a ɗauki mutum biyu, kowanne kilo 80. Ɗaya haka yake tun da can, ɗayan kuwa daga kilo 90 ya sauko. In suka ci abinci daidai wa daida, na farko zai tsaya inda yake, na biyu zai riƙa hawa. A wani bincike da aka buga a 2016 an sake auna mutum 14 da suka rage nauyi mai yawa a wata gasar talabijin ta Amurka, aka tarar bayan shekara shida jikinsu yana ƙone kalori wajen 500 ƙasa da yadda ake tsammani.

Yunwa

Hanya ta biyu ita ta fi ƙarfi. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano wani sinadari da kitse ke zubawa a jini, aka sa masa suna leftin. Aikinsa shi ne ya kai wa ƙwaƙwalwa labarin abin da ke rumbu. A 1999 kuma masana a Japan suka gano girelin, wanda tumbi ke fitarwa in ya zama wayam, shi ne mai tayar da yunwa. Idan mutum ya rame, leftin ya ragu, girelin ya ƙaru, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni a nemi abinci. Abin lura a nan shi ne, ƙwaƙwalwa tana saurin jin saƙon da ke cewa rumbu ya yi ƙasa, amma saƙon da ke cewa ya cika har yana zuba ba ta cika kula shi ba. Masu ƙiba suna da leftin mai yawa a jininsu, duk da haka yunwarsu ba ta mutu ba. Ƙararrawar ramewa tana da kaifi, ta ƙiba kuwa a dushe take, kuma a nan ne asalin bambancin yake.

A birnin Melbourne na Ostareliya an sa mutum 50 masu ƙiba a kan abinci ɗan kaɗan har mako goma, suka rage wajen kilo 13 kowanne. Rahoton da aka buga a 2011 ya nuna cewa bayan shekara guda girelin ɗinsu bai koma yadda yake ba, kuma suna jin yunwa fiye da kafin su fara. Wani bincike na 2016 ya ƙiyasta cewa kowane kilo ɗaya da aka zubar yana ƙara sha'awar abinci da kalori wajen 100 a yini. Wanda ya rage kilo biyar ke nan jikinsa na roƙonsa ƙarin kalori 500 kullum, safe da rana da dare, ba ranar hutu. Ƙudurin zuciya yana gajiya, yunwa ba ta gajiya.

Su kansu ƙwayoyin da ke riƙe kitse ba sa ɓacewa. Wani nazari da aka yi a Suwidin a 2008 ya nuna cewa yawansu yana tsayawa ne tun ƙuruciya, in babba ya rame sai dai su motse kamar buhun da aka zazzage, suna jiran a sake cika su. Saboda haka ƙibar yara ba abin wasa ba ce.

Gado ma yana da nasa rabo. A wani gwaji da aka buga a 1990 an ba tagwaye masu kama ɗaya, tagwaye 12, ƙarin kalori 1,000 a yini har kwana 84 a Kanada. Wani ya ƙara kilo 4, wani ya ƙara 13, kuma kowane ɗan tagwaye ya bi sawun ɗan'uwansa.

Ruɗin makon farko

Mai rage abinci yakan ga kilo biyu sun tafi a makon farko, ya yi murna, sa'an nan ma'auni ya tsaya cik, ya karaya. Yawancin abin da ya tafi da farko ruwa ne, domin sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa wajen ninki uku na nauyinsa. Da wannan ne masu sayar da shayin rage ƙiba ke yaudarar jama'a: da yawa daga cikin irin waɗannan abubuwa gudawa ko yawan fitsari suke sa wa, ruwa ya fita, kitse yana nan. Akwai kuma akasin haka, watau ƙwayoyin da ake kira sha ka fashe, waɗanda wasu mata ke sha don su yi jiki. Wasu daga cikinsu magunguna ne masu ƙarfi da ke kumbura fuska, su tayar da hawan jini da sukari, su raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana shan su kada ta daina farat ɗaya, ta je asibiti a janye mata a hankali.

Abin da ya kamata a yi

Ba lalle ne mai ƙiba ya koma kamar lokacin samartakarsa kafin ya amfana ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, watau kilo 5 zuwa 9 ga mai kilo 90, yana saukar da hawan jini da sukari. A wani babban gwaji a Amurka da aka ba da rahotonsa a 2002, mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, waɗanda aka sa su rage nauyi kaɗan su kuma yi tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari.

Rabin kilo a mako ya isa. Tun da yunwa ce babbar abokiyar gaba, dabara ita ce a cika ciki da abin da ke ƙosarwa ba tare da kalori mai yawa ba: wake, da kwaɗon zogale ko rama, da miyar kuka ko kuɓewa ko alayyafo, da kifi da ƙwai, da tuwon dawa ko gero gwargwado. A auna mai da cokali maimakon a tuttula shi daga kwalba. Sukarin shayi da koko da fura, da lemon kwalba, su ya kamata a fara janyewa, domin abin sha ba ya kashe yunwa kamar abin taunawa. Lokacin azumi ma mutum yana iya yini bai ci ba ya ƙara nauyi, in buɗa-bakinsa duk soye-soye ne da kayan zaƙi. Ƙarancin barci yana ƙara yunwa, don haka babba ya nemi awa bakwai. Motsa jiki shi kaɗai ba ya rage nauyi da yawa, amma yana kiyaye tsoka, kuma waɗanda suka iya riƙe ramarsu shekara da shekaru yawancinsu masu tafiya ne kullum. Ranar da ma'auni ya nuna abin da ake nema, ranar ce tsaro ke farawa.

Akwai sababbin allurai masu kashe yunwa, irin su semaglutide. A gwajin da aka buga a 2021 masu amfani da ita sun rage wajen kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu, amma da suka daina, kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo cikin shekara guda. Suna da tsada, kuma ba a taɓa su sai da iznin likita.

Mai juna biyu, da mai shayarwa, da yaro mai tasowa, da wanda ke shan maganin sukari, kada su rage abinci sai sun nemi shawara a asibiti. Wanda kuwa ya ga yana ramewa alhali bai rage ci ba, ya hanzarta a duba shi, domin tarin fuka, da ciwon sukari, da ciwon daji sukan fara nuna kansu ta haka.