Mai Auna Ƙasa da Makamantanta: Yadda Za Mu Gane Su

Da damina, idan aka kunna fitila da dare a nan Kongo, ƙwari sukan taru a jikin bango. Mukan kira su duka faɗa-wuta, amma ba iri ɗaya ba ne. A cikinsu akwai wani babban gida da masana suke kira Geometridae, wato masu auna ƙasa, mai iri fiye da 23,000 a duniya.

Daga tafiyar tsutsarsu aka samo sunan. Yawancin tsutsotsin faɗa-wuta suna da ƙafafu shida a gaba, da wasu goma masu kauri daga ciki zuwa baya. Ita kuwa mai auna ƙasa shida gare ta a gaba, huɗu a can baya, tsakiya babu komai. Sai ta jawo bayanta ta tanƙware kamar baka, sa'an nan ta miƙe, tamkar mai auna zane da taƙi. In ta ji motsi sai ta sandare kamar tsinke. Idan ta yi fukafukai, jikinta siriri ne, kuma takan shimfiɗa su a bango in ta sauka.

Kada launi ya ruɗe mu. Akwai wata mai suna Biston betularia a Ingila da Amurka ta Arewa, fara mai ɗigo-ɗigon baƙi. A 1848 aka ga baƙa wuluk a Manchester, inda hayaƙin masana'antu ya baƙanta itatuwa, alhali iri ɗaya ne.

A gonakinmu akwai masu kama da ita. Wata tsutsar ganyen auduga takan tanƙware ita ma, amma ƙafafunta na baya shida ne. Tsutsar masara da ta ɓullo Nijeriya daga nahiyar Amurka a 2016 ba ta tanƙwarewa. Tana da alamar Y a kife a kanta, da ɗigo huɗu kusa da wutsiya. Wannan ce mai cinye tsakiyar masara. Manomin da bai bambanta su ba yana iya ɓarnatar da kuɗin magani, ko ya yi sake har gona ta lalace. In an yi shakka, a nuna wa malamin gona, ko a kai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru.

Littafin Farawa ya nuna mana Adamu yana raɗa wa halittu suna. Mu ma, ɗalibai, hutun nan mu shiga gona da littafi da fensir, mu ƙirga ƙafafu kafin mu faɗi suna.